Taswirar Gidan Yanar Gizo: Ina Amfaninta, Ina Kuma Ƙarfinta Ya Tsaya?

Akwai wani zato da ya zauna daram a zukatan masu buɗe gidajen yanar gizo, cewa da zarar an wallafa shafi, shi ke nan duniya ta gan shi. Ba haka abin yake ba. Shafin da aka ɗora yau yana iya shafe makonni babu injin binciken da ya san da zamansa, alhali lafiyarsa ƙalau, duk wanda aka miƙa wa adireshinsa zai buɗe ya karanta. Abin da ya rasa kawai shi ne hanyar da za a bi a iso gare shi. Don cike wannan giɓi aka ƙirƙiro taswirar gidan yanar gizo, wato jerin shafukan da gida ya ƙunsa, wanda mai gidan ke tanadarwa ya ajiye inda za a gani. Sai dai mutane sun kasu biyu a kanta. Wasu sun ɗauka ita ce za ta haye da su saman sakamakon Google, wasu kuma sun ɗauke ta tarkacen da manhaja ke haɗawa da kanta, ko sau ɗaya ba su taɓa leƙa cikinta ba. A ganina duk ɓangarorin biyu asara suke tafkawa. Na farko suna jiran abin da ba zai zo ba, na biyu kuma sun bar kayan aiki mai kyau yana kwance a hannunsu.

Ba za a gane amfanin taswira ba sai an fara gane yadda injin bincike yake aiki. Idan ka rubuta tambaya a Google, ba a lokacin yake fita zagaya intanet ya nemo maka amsa ba. Ya riga ya yi zagayen tuntuni, ya tara abin da ya gani a wani katafaren rumbu, daga nan yake ɗebo maka. Masu yin zagayen wasu manhajoji ne da ba sa hutawa dare da rana: na Google sunansa Googlebot, na Microsoft kuma Bingbot. Su buɗe shafi, su karanta, su tsinto duk mahaɗan da ke cikinsa, wato wuraren nan da ake latsawa su kai mutum wani shafin, su jera su a layi, su bi su ɗaya bayan ɗaya. Tun da aka kafa Google a 1998 a kan mahaɗai ya gina aikinsa, domin tsarin PageRank da Larry Page da Sergey Brin suka fito da shi a Jami'ar Stanford yana auna darajar shafi ne da yawan mahaɗan da ke nuna shi da kuma ƙarfin inda suka fito.

Kafin shafi ya bayyana a gaban mai bincike sai ya tsallake matakai huɗu. A san da adireshinsa, a ziyarce shi a karanta, a yanke shawarar ko ya cancanci shiga rumbu, sannan a ba shi matsayi a cikin sakamako duk lokacin da aka yi tambayar da ta shafe shi. Taswira tana da ƙarfi sosai a mataki na farko, tana ɗan taimakawa a na biyu, a na uku kusan ba ta da ta cewa, a na huɗu kuwa ko kaɗan. Wanda ya riƙe wannan ya rabu da rabin ruɗanin da ake yi a kan maganar.

Raunin dogaro da mahaɗai kaɗai a fili yake. Shafin da babu mahaɗi ko ɗaya da ke nuna shi kamar ɗaki ne da aka gina a tsakiyar gida aka manta ba a fasa masa ƙofa ba. Masu wannan sana'a suna kiransa shafi maraya, kuma marayun sun fi yawa fiye da yadda ake zato. Sabon gida da babu wanda ya taɓa ambatonsa a waje, kusan dukkansa maraya ne. Jaridar da ta shekara goma tana wallafa labarai, tsofaffin labaranta sun nutse can ƙasa, sai an latsa "na gaba" sau ɗari kafin a kai gare su. Kantin intanet mai dubban kaya, wasu kayan ba a ganinsu sai an rubuta sunansu a akwatin bincike na cikin gida, Googlebot kuwa ba ya zama yana cike akwatuna ko danna maɓallai kamar mutum. Haka ma shafukan da sai an yi ta ja ƙasa sannan sabon abu yake fitowa. A duk waɗannan wurare mai zagaye yana iya zuwa bakin ƙofa ya juya bai ga rabin abin da ke ciki ba.

A watan Yunin 2005 Google ya fito da mafita: mai gida ya rubuta adiresoshinsa a fayil guda, cikin tsarin rubutu na XML, wanda aka yi don injuna su iya karantawa, ya miƙa. A watan Nuwamban 2006 Yahoo da Microsoft suka shigo, kamfanonin uku suka amince da ƙa'ida ɗaya mai lamba 0.9, wadda har yau ita ake amfani da ita, kuma tana nan a rubuce a sitemaps.org. A watan Afrilun 2007 aka ƙara sauƙaƙa abin, aka yarda mutum ya rubuta adireshin taswirarsa a cikin fayil ɗin robots.txt, wato ɗan fayil ɗin da ke faɗa wa masu zagaye inda aka hana su shiga a gida, ta yadda kowane injin bincike zai tsince ta ba sai an kai masa ba. Abin lura ne cewa kamfanonin da ke gasa mai zafi a tsakaninsu suka zauna suka daidaita a kan wannan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, zagaya intanet yana cin wuta da kuɗi da lokaci, duk abin da zai rage musu yawon banza riba ce a gare su.

Idan ka buɗe irin wannan fayil, galibi a adireshin gida da aka ƙara wa sitemap.xml a ƙarshe, ba za ka ga ado ba. Layuka ne masu maimaita kansu. Kowane shafi yana da ɗan gurbinsa, a ciki akwai alamar loc mai ɗauke da cikakken adireshi tun daga https har ƙarshe, misali https://example.com/labarai/ruwan-sama, ƙarƙashinta kuma alamar lastmod mai ɗauke da ranar da aka yi wa shafin gyara na ƙarshe, a jere shekara, wata, rana, kamar 2024-03-18. Alamar loc ce kaɗai wajibi. Fayil ɗaya ba zai wuce adireshi 50,000 ba, kuma nauyinsa ba zai wuce megabait 50 ba kafin a matse shi. Gidan da ya fi haka sai ya raba taswirarsa gida-gida, ya yi wata uwar taswira da ke jera sauran, ita ma tana iya ɗaukar har 50,000. Dole a rubuta fayil ɗin da tsarin haruffa na UTF-8, kuma alamomi irin su & sai an sauya musu rubutu yadda XML ya tanada, in ba haka ba fayil ɗin gaba ɗaya yana iya ƙin karantuwa saboda harafi ɗaya. Wanda XML ya yi wa nauyi yana iya miƙa fayil ɗin rubutu zalla, adireshi ɗaya a kowane layi, ko ya miƙa RSS ko Atom, wato jerin sababbin abubuwan da gida ya wallafa, Google yana karɓar duka.

Akwai wasu alamomi biyu a cikin ƙa'idar da suka ɓata wa mutane lokaci mai yawa. Ɗaya ita ce priority, inda mai gida ke ba shafi maki daga 0.0 zuwa 1.0 gwargwadon muhimmancinsa, ɗayar kuma changefreq, inda yake faɗin ko shafin yana canzawa kullum ne, ko mako-mako, ko wata-wata. Google ya faɗa ƙarara cewa ba ya duba ko ɗaya daga cikinsu. Ba abin mamaki ba ne. An ba kowa damar ya yi wa kansa maki, sai kusan kowa ya ba kansa 1.0, ya ce kullum shafinsa sabo ne. Bayanin da kowa ke faɗa iri ɗaya ba ya bambance komai, sai aka yi watsi da shi. Har yanzu ana samun masu sayar da aikin "daidaita maki a taswira" a matsayin dabarar SEO, wato aikin ɗaga gida a sakamakon bincike. Idan Google kake nufi, kuɗinka ne kawai zai tafi.

Inda gaskiya take da farashi

Alamar lastmod ce ta tsira, kuma a kanta nake so a tsaya, domin ita ce zuciyar maganar. Google ya ce yana amfani da ranar da aka rubuta a nan, amma da sharaɗi: sai ta kasance daidai a kai a kai, kuma daidai ɗin da zai iya tabbatarwa idan ya gwama da abin da ya gani a shafin. Ma'ana yana gwada ka. Ka ce an gyara shafi jiya, ya zo ya tarar babu abin da ya canza tun bara. Ya sake zuwa wani, haka. Sannu a hankali sai ya daina ɗaukar ranakunka da muhimmanci, har ranar da za ka yi gyara na gaske, ka canza farashin kaya ko ka gyara kuskure a labari, kana buƙatar a zo a gani da wuri, amma maganarka ta riga ta zube. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a nan ma haka.

Abin takaicin shi ne yawancin masu wannan ƙarya ba su san suna yinta ba. Wata manhajar, duk lokacin da ta sake haɗa taswira, sai ta buga wa kowane adireshi ranar yau. Gida mai shafi dubu biyar, dukkansu an "gyara" su da ƙarfe uku na daren jiya. Wani kuma yana canza shekarar da ke ƙasan shafi kusa da alamar haƙƙin mallaka, sai tsarin ya lissafa shi gyara. Google ya fayyace abin da yake nufi da gyara mai ma'ana: canji a ainihin abin da shafin ya ƙunsa, ko a mahaɗansa, ko a bayanan da aka tsara don injuna su karanta. Canza shekarar haƙƙin mallaka ba ya ciki. Don haka idan tsarinka ba zai iya ba da rana ta gaskiya ba, gara ka cire lastmod gaba ɗaya. Rashinta ba laifi ba ne, ƙa'idar ma ba ta wajabta ta ba.

Wannan gaskiyar ba a kan rana kaɗai ta tsaya ba, ta shafi su wane ne ma za su shiga jerin. Sanya adireshi a taswira magana ce kake faɗa wa injin bincike: wannan shafin yana raye, shi ne na asali, kuma ina so mutane su same shi. Duk adireshin da bai cika waɗannan uku ba, ba wurinsa ba ne. Shafin da aka goge yana mayar da lambar 404 ya fita. Wanda aka karkatar zuwa wani da lambar 301 ya fita, a sa inda aka karkatar ɗin. Wanda ka manna wa alamar noindex, wato ka ce kada a adana shi, me yake yi a jerin waɗanda kake roƙon a adana? Haka wanda ka toshe a robots.txt. Kana kira da hannun dama kana kora da na hagu. Sai kuma tagwaye, waɗanda su ne suka fi yawa: shafi ɗaya da ake iya buɗewa da www da kuma babu, da http da https, da kuma wutsiyoyin da ake liƙa wa adireshi don bin diddigin talla ko tace kaya ta launi da girma. A idon injin bincike kowanne adireshi ne daban, kuma dole ya zaɓi ɗaya ya ɗauke shi na asali. Kasancewar adireshi a taswira tana cikin alamun da Google ke dubawa wajen wannan zaɓi, duk da cewa alama ce mai rauni idan aka gwama da karkatarwa ko alamar canonical da ake sawa a kan shafin don nuna adireshin asali. Mai rauni ce, amma idan ta saɓa wa sauran alamun, ruɗani take ƙarawa.

Wani abu da ya kamata a faɗa a nan ko da a taƙaice: taswira a buɗe take ga kowa. Ba Googlebot kaɗai ke karanta ta ba, abokin gasarka ma yana iya buɗewa, haka mai neman ɓaraka. Akwai gidajen da manhaja ta kwashe musu shafukan gwaji, da takardun cikin gida, da shafin saukar da kayan da sai an biya, ta jera a taswira ba tare da mai gidan ya sani ba. Abin da kake so ya zama sirri, kalmar sirri ce ke tsare shi. Cire shi daga taswira kaɗai ba ya ɓoye shi, sanya shi a ciki kuwa talla ka yi masa.

To idan an miƙa taswira mai tsabta, an tabbata za a adana duk shafukan? A'a. Google da kansa ya ce miƙa taswira shawara ce kawai, babu alkawarin zai ziyarci duk abin da ke ciki, balle ya adana. Nan ne masu dogon buri ke karaya. Amma nan ne kuma amfanin da na fi daraja yake fitowa, wanda ba a cika maganarsa ba.

Idan ka miƙa taswirarka a Google Search Console, dandalin kyauta da a da ake kira Webmaster Tools kafin a canza masa suna a 2015, za ka iya tace rahoton shafuka ya nuna maka makomar adiresoshin da ke cikin taswirar kaɗai. Nawa aka adana, nawa aka bari, kuma saboda me. Akwai rukunin da zai ce an san da shafin amma ba a kai ga ziyartarsa ba. Akwai wanda zai ce an ziyarta, an karanta, amma ba a adana ba. Biyun ba ciwo ɗaya ba ne. Na farko yakan nuna cewa injin yana jinkirta zuwa, ko don yana tsoron ɗora wa sabarka, wato kwamfutar da gidanka ke zaune a kanta, nauyi, ko don bai ga alamar shafin yana da muhimmanci ba, tunda ko a cikin gidan babu mai nuna shi. Na biyu ya fi ɗaci: an zo, an gani, ba a ga abin da ya kai a ajiye ba, watakila don shafin ba shi da nama, ko kusan kwafin wani ne. Babu gyaran taswirar da zai magance wannan, sai an koma kan rubutun.

Ga dabarar da ke sa rahoton ya yi magana da kyau. Kada ka zuba komai a fayil ɗaya ko da bai kai 50,000 ba. A ce kanti ne mai adireshi dubu takwas, rahoto ya ce an adana dubu biyar. Dubu ukun nan su wane ne? Sai ka yi ta lalube. Amma idan ka raba, kaya a taswirarsu, rukunonin kaya a tasu, maƙalu a tasu, nan take za ka ga cewa maƙalun kusan duk sun shiga, rukunoni ma haka, kayan ne aka bar rabinsu. Ka san inda za ka nufa. Ka buɗe goma daga cikin waɗanda aka bari, sai ka tarar duk bayanin da ke jikinsu layi biyu ne da aka kwafo daga kamfanin da ya ƙera su, irin wanda wasu kantuna ɗari suka kwafa. Jarida kuma tana iya rabawa shekara-shekara ko wata-wata, ta ga daga wace shekara tsofaffin labaranta suka fara ɓacewa. Aikin minti talatin ne wajen tsarawa, amma yana mayar da taswira ta zama ma'aunin lafiyar gida.

Shin kowa na buƙatarta? Google ya ce gidan da shafukansa ba su wuce kamar 500 ba, kuma an haɗa su da kyau ta yadda daga shafin farko za a iya isa ko'ina, yana iya zama lafiya ba tare da ita ba. Masu matuƙar buƙata su ne manyan gidaje, da sababbi, da masu tarin hotuna, bidiyo ko labarai. Maganar nan da ake yawan tsoratar da mutane da ita, ta ƙayyadadden kason ziyarar da Googlebot ke ware wa kowane gida, ita ma Google ya ce ta fi shafar gidaje masu shafi miliyan ɗaya zuwa sama da ke canzawa mako-mako, ko masu dubu goma zuwa sama da ke canzawa kullum. Mai shafi tamanin ya kwantar da hankalinsa. Duk da haka ni zan ce ko ƙaramin gida ya ajiye ta, tunda yanzu ba ta cin komai. WordPress, ɗaya daga cikin manhajojin gina gidan yanar gizo, ya fara haɗa ta da kansa tun fitowar 5.5 a watan Agustan 2020, a adireshin wp-sitemap.xml, haka Shopify da Wix da Blogger suna yi wa masu amfani da su. Aikin da ya rage wa mai gida shi ne ya buɗe ya duba abin da aka jera da sunansa.

Akwai ƙarin rassa ga masu buƙata ta musamman. Ana iya jera hotuna har 1,000 a ƙarƙashin adireshi ɗaya, abin da ke taimakon gidajen da hotunansu ba sa fitowa sai manhajar shafi ta gama lodi. Bidiyo yana da nasa gurbin na take, bayani da hoton fuska. Taswirar labarai kuwa ta kwana biyu ce kacal, labarin da ya wuce haka a cire shi daga cikinta, kuma ba ta wuce labari 1,000. Gidan da ke wallafa abu ɗaya cikin harsuna da yawa yana iya amfani da alamar hreflang a taswira ya nuna cewa wannan shafin na ha (Hausa) da wancan na fr (Faransanci) da wancan na ar (Larabci) 'yan uwan juna ne, don a kai kowane mai karatu ga harshensa. Sharaɗin shi ne kowane ɗaya ya ambaci kansa ya kuma ambaci sauran, idan ɗaya ya nuna ɗan uwansa shi kuma bai mayar ba, ana iya watsar da alamar.

Ɗaya taswirar, ta mutane

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu na injuna ne. Amma tun kafin 2005 akwai wata taswirar, shafi ne na yau da kullum da ake sa mahaɗinsa a ƙasan gida, mai ziyara ya buɗe ya ga sassan gidan a jere, kowane sashe da abin da ke ƙarƙashinsa. Mutane da yawa sun ɗauka zamaninta ya wuce, kuma suna da hujja. A wani nazari da kamfanin Nielsen Norman Group ya wallafa a 2008, kashi 7 cikin 100 kacal na waɗanda aka gwada ne suka nufi taswira da aka ce su gano tsarin wani gida, alhali a nazarinsu na baya kashi 27 ne.

Sai dai a tambaya, su wane ne 'yan kaɗan ɗin nan? Galibi wanda ya riga ya gwada jerin zaɓi na sama bai samu ba, ya gwada akwatin bincike ya ba shi shirme, saura ƙiris ya rufe ya tafi. Mai neman takardar da zai cike a gidan wata hukuma, wanda bai san sunan sashen da ke kula da ita ba. Makaho mai amfani da manhajar karanta allo, wanda jerin zaɓin da ke zazzagowa idan an ɗora linzamin kwamfuta a kai yake zame masa tarko, alhali jerin mahaɗai zalla a ƙarƙashin kanun da aka tsara yana bi cikin sauƙi. Wanda hannunsa ba ya iya riƙe linzami, da madannai kaɗai yake yawo. Mai tsohuwar waya da intanet mai rauni, wanda shafi mai nauyi ke ƙin buɗe masa. Ba don yawansu ake yi ba, don ba su da wata hanyar ne. Shi ya sa ƙa'idojin WCAG na hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, waɗanda ke bayyana yadda gida zai zama mai shiguwa ga masu naƙasa, tun fitowar 2.0 a watan Disambar 2008 suka tanadi sharaɗi mai lamba 2.4.5: a samar da hanya fiye da ɗaya ta isa ga shafi. Taswira tana cikin hanyoyin da aka amince da su wajen cika shi.

Taswirar mutane ba a yinta kamar ta injuna. Zuba mahaɗi dubu uku a shafi ɗaya ba taimako ba ne. Ana so mutum ya kalle ta ya gane fasalin gidan cikin ɗan lokaci: manyan sassa, ƙananan sassa, da shafukan da aka fi nema, da sunayen da baƙo zai gane, ba sunayen da ma'aikatan cikin gida ke kiran abubuwa da su ba. Kada a yi mata ado mai motsi ko rassan da sai an latsa suke buɗewa, amfaninta shi ne komai yana fili. Kuma tana da wata riba ta gefe: mahaɗan cikinta mahaɗai ne na gaske, Googlebot yana binsu, kuma suna ɗauke da ɗan ƙarfin da mahaɗi ke bayarwa, abin da jerin XML ba ya yi.

Wannan bambanci shi ne ya sa nake jan kunnen masu ganin taswira ta wanke musu laifin rashin tsari. Idan shafi maraya ne, ka sa shi a sitemap.xml, Google zai san da shi, yana iya ma adana shi. Amma mai ziyara da ke yawo a gidanka har abada ba zai ci karo da shi ba, kuma injin ma yana lura cewa kai kanka ba ka ga ya kai ka nuna shi daga ko'ina ba. Gwaji mai kyau shi ne a sa manhajar zagaye ta bi gidan daga shafin farko kamar yadda Googlebot zai yi, a gwama abin da ta samo da abin da ke taswira. Wanda ke taswira amma zagaye bai kai gare shi ba, maraya ne, a nema masa mahaɗi daga shafin da ya dace ko a yanke shawarar ko ma ana buƙatarsa. Wanda zagaye ya samo amma ba ya taswira, ko dai mantuwa ce, ko kuma tarkace ne da ya kamata a share. Sau da yawa ma zaman rubuta taswirar mutane shi ke tona asirin gida. Idan ka kasa jera sassan gidanka a takarda ɗaya ta yadda wani zai gane, to baƙon da ya shigo yau ya fi ka shan wahala.

Wajen miƙawa abin ba shi da wuya. A ajiye fayil ɗin a tushen gida, wato adireshinsa ya biyo bayan sunan gidan kai tsaye, domin taswirar da aka ajiye a cikin wani reshe, bisa ƙa'ida, adiresoshin wannan reshen kaɗai take wakilta, sai dai idan ta Search Console aka miƙa ta. A ƙara layi ɗaya a robots.txt, kalmar Sitemap da ɗigo biyu da cikakken adireshin fayil ɗin. A miƙa a Search Console da Bing Webmaster Tools sau ɗaya, za su riƙa dawowa da kansu. Tsohuwar hanyar nan ta aika wa Google ɗan saƙon sanarwa duk lokacin da taswira ta canza ta mutu, a watan Yunin 2023 Google ya sanar zai rufe ta saboda yawancin abin da ake turowa ta nan shara ce. Wanda ke son sanarwar gaggawa ga injunan bincike na Bing da Yandex yana da tsarin IndexNow, wanda suka ƙaddamar a watan Oktoban 2021, amma ƙari ne a kan taswira, bai maye gurbinta ba.

Wuri ɗaya ne aka yarda a karya dokar tsabta, wato lokacin ƙaura. Idan gida ya canza suna ko ya sake fasalin adiresoshinsa, bayan an karkatar da kowane tsohon adireshi zuwa sabonsa da lambar 301, Google yana ba da shawarar a miƙa taswira biyu, ta tsofaffin adiresoshi da ta sababbi. Tsohuwar ita ce za ta sa Googlebot ya koma ya ga karkatarwar da wuri, maimakon ya riƙa tsintar su jefi-jefi tsawon watanni. A rahoto za ka ga adadin da aka adana daga tsohuwar yana raguwa, na sabuwar yana hawa. Idan tsohuwar ta kusa ƙarewa sai a cire ta, amma karkatarwar kanta a bar ta aƙalla shekara guda.